Rudu, Ba Ƙugiya

Digirina a kan Hausa na yi shi. Ina faɗin haka tun da fari don kada wani ya nema mini uzuri idan labarin ya zo kaina. Shekara huɗu na kwashe ina koyon inda ake sa wa harafi ƙugiya da inda ba a sa masa, na fito da kwali, kwalin ya samo mini kujerar sakatariya a wani shiri na taimaka wa manoman albasa da aka buɗe wa ofis a Kalgo. Aikina shi ne buga takardu, da rubuta abin da manya suka ce a taro, da gyara shi har ya yi kama da maganar masu hankali.

Shirin ya gina sito a bayan gari, ƙato, na bulo da rufin kwano, aka shafe shi da fenti kore da fari. An ce manoma su riƙa kawo albasarsu bayan an cire, a ajiye musu har damina ta yi nisa kaya su yi daraja, maimakon kowa ya zube tasa a kasuwa rana ɗaya. Tunanin ba shi da laifi. Da ginin ya ƙare sai aka ce ana neman wanda zai kula da ajiyar, kuma duk manomin da ka tambaya daga nan har Gwandu mutum ɗaya zai nuna maka: kawuna.

Yayan mahaifiyata ne, a Dodoru yake zaune. Inna yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma tun ina rarrafe bai taɓa kama sunan nan da bakinsa ba. Sana'arsa rudu. Ga wanda bai sani ba, rudu wani gado ne da ake yi wa albasa: a kafa gwafanni, a gitta itace, a shimfiɗa kara a sama yadda iska za ta riƙa shiga ta ƙasa, a jera albasa, a yi mata inuwa da zana. Faɗinsa ba wuya. Amma sanin wace albasa za ta hau da wadda ba za ta hau ba, nan ake barin mutane a baya. Kawu yana danna wuyan albasa da babban yatsa ya gaya maka kwana nawa da yanke mata ruwa kafin a cire ta. Yana jin ƙarar ɓawonta a tafin hannu ya ce wannan an cika mata takin zamani, girman banza ne, ba za ta ga watan gobe ba. Mutane na ɗauko shi a babur daga ƙauyuka don kawai ya zo ya tsaya a kan kayansu, ya shaƙi iska, ya nuna kusurwar da ɓarna ta fara.

A shekarar nan gwiwoyinsa suka gaza. Ban ruwa a lambu aikin tsuguno ne, shi kuwa idan ya tsuguna sai an kama shi ya tashi. Da manoma suka yi ta ce masa aikin siton nan nasa ne, ba shi da abokin takara, sai ya ba wani maƙwabcinsa aron lambunsa na ranin gaba ɗaya. Bai shuka ko kwano ɗaya na iri ba. Ya zo Kalgo da hularsa ta Juma'a ya ce in rubuta masa takardar neman aiki, tunda shi karatunsa na allo ne da littattafai, boko kuwa ko ƙofar aji bai taɓa shiga ba. Na zauna na buga. A gurbin ƙwarewa na sa abin da ya faɗa mini daidai: shekara talatin ina rudu.

Kwamfutar ofishinmu ba ta da haruffa masu ƙugiya. Ba wanda ya taɓa damuwa, don duk mai karanta Hausa a ofis ya saba sa ƙugiyar da kansa a cikin kai. Ya ga kasa ya karanta ƙasa, ya ga daki ya karanta ɗaki. Ni da na yi digiri a kan abin, ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba cewa akwai ranar da za a sa ƙugiya inda ba ta da gurbi.

Mutum uku ne a kwamitin ganawa. Akwai ciyaman, wanda aka turo daga nesa, mutumin birni mai ƙamshin turare, wanda na tabbata bai taɓa ganin albasa ba sai a yanke a kan tsire. Akwai jami'in ma'aikata, wanda aikinsa a duniya shi ne ya kalli fuskar ciyaman ya yi irinta. Na ukun shi ne ya fi ba ni haushi har gobe. Ɗan ƙauyen Ceberu ne, ubansa manomin albasa, a ƙarƙashin rudu ya yi wasan ƙasa, kuma albasar da ta kwana a rudu ce ta kai shi jami'a. Ni ina gefe da biro da littafi. Ban gaya wa kowa cewa ɗaya daga cikin masu neman aikin kawuna ba ne. Na ce wa kaina don kada a ce na yi son kai.

Kawu ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, abin da ba wanda ya yi cikin waɗanda suka riga shi shiga. Ya yi sallama, ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, har da ni, kamar bai san ni ba, don na roƙe shi haka. Aljihun rigarsa ya yi nauyi gefe ɗaya. Na san abin da ke ciki: albasa uku ya zo da su, mai kyau, da mai ruwa, da wadda ta fara lalacewa daga ciki ba a gani, don ya nuna musu bambancin.

Ciyaman ya ɗaga takardar, ya gyara tabarau, ya karanta da ƙarfi.

"Shekara talatin ina ruɗu." Ya sauke takardar. "Malam, shekara talatin kana ruɗu?"

Kawu ya ji ƙugiyar sarai. Amma ya ɗauka haka mutanen gabas ke faɗin kalmar, kuma ba tarbiyyarsa ba ce ya gyara wa babba magana a gaban mutane.

"I, ranka shi daɗe," ya ce. "Ta hi talatin ma. Tun ina bin babana."

Ciyaman ya kwashe da dariya har da buga tebur. Jami'in ma'aikata ya duba ya ga ana dariya, ya kama. Ɗan Ceberu ya ɗan jinkirta, na ga idonsa ya sauka a kan takardar, na ga ya gane, sannan ya buɗe baki ya yi tasa dariyar har ta fi ta sauran. Ciyaman ya share hawaye ya tambaya su wa ake ruɗawa haka tun zamanin baba, manoma ko 'yan kasuwa, ya ce aƙalla an samu mai gaskiya guda a cikin masu neman aiki.

A nan kawu ya gane. Ya juyo ya dube ni. Kallo ɗaya ne, ba na roƙo ba, irin kallon da za ka yi wa wanda ka san ya san amsa. Kalma biyar ta ishe ni: ranka ya daɗe, ba ƙugiya. Na sunkuyar da kai na ci gaba da rubutu, ban ma san abin da nake rubutawa ba. Zancen gudun son kai duk ƙarya nake yi wa kaina. Kunya na ji. Kunyar tsohon da ya tuɓe takalmi, mai albasa a aljihu, mai cewa ta hi, a gaban mutanen da nake so su ɗauke ni irinsu. Na daɗe ina juya abin ina neman wani suna da zan ba shi, ban samu ba.

Kawu ya yi ta maza ya fara bayani, ya sa hannu a aljihu. Ciyaman ya ɗaga masa hannu ya ce a bar wasa a koma aiki, ya tambaye shi digiri nawa albasa ke buƙata a wurin ajiya. Zafi yake nufi, ma'aunin zafi. Kawu ya ce shi ba shi da digiri ko ɗaya. Aka sake wata dariyar. Albasa uku ba su fito daga aljihu ba. Ya yi godiya, ya ja da baya har ƙofa, ya duƙa da ƙyar ya sa takalmansa.

Wanda aka ɗauka mutum ne mai kimanin shekara talatin, da digiri a kan aikin gona. Ba zan yi masa ƙarya ba: mai ladabi ne, kuma ya amsa tambayar zafin da lambobi har da na laimar iska. Kwamitin ya yi ta gyaɗa kai, alhali na rantse babu wanda ya san ko lambobin daidai ne a cikinsu. Da ya ce ninkinsu ma haka za su gyaɗa. Kwali suka gani, da hatimi, sauran duk cika lokaci ne. A bayanin taro, da hannuna na buga a gaban lambar kawu cewa bai cika sharaɗi ba.

Ranar Asabar na tafi Dodoru in gaya masa. Na tarar da shi a zaure yana gyaran wata tsohuwar igiya. Bai bari na fara ba. Ya tambayi maigidana, ya tambayi yara, ya sa aka kawo mini fura. Da na fara kame-kame sai ya ce ya sani tun daga ɗakin, ya ce kuma aikina amana ne, bai ga laifina ba. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Na dawo a mota ina kallon lambunan mutane kore shar a gefen hanya, ina tuna nasa yana hannun wani.

Da aka cire albasa, manoma suka kawo, mafi yawa daga wajen Wurogauri. Sabon manaja ya karɓi duk abin da aka sauke, babba da ƙarama, busasshiya da mai ɗanyen wuya, har da wadda aka yanke wa lawashi tun a ranar da aka cire ta. Aka ɗura a buhuna, aka jibge a kan siminti har kusa da rufi, aka ja ƙofar ƙarfe aka sa kwaɗo saboda ɓarayi. An rataye ma'aunin zafi a bango, kullum yana zuwa ya duba ya rubuta. Ma'aunin bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Kullum yana gaya masa cewa ɗakin ya yi zafi, shi kuma yana rubutawa da kyakkyawan rubutu. Bazara ta kama, kwano ya ɗauki rana. Kafin a yi nisa masu wucewa a babur sun fara toshe hanci tun daga kwana, wani baƙin ruwa kuma ya fara bi ta ƙarƙashin ƙofa.

Wata safiya manajan ya shigo ofishina ya rufe ƙofa, idonsa ja. Ya ce ranar ganawa, yana jira a benci, wani tsoho da ya fito daga ɗakin ya fiddo albasa uku ya ce masa ya zaɓi mai kyau, ya zaɓa, tsohon ya fasa ta da yatsa sai ga cikinta baƙi. Ya ce tun shekaranjiya tsohon nan yake gani idan ya rufe ido, ko ina da adireshinsa a fayil. Na ce ba sai na buɗe fayil ba. A ranar na fara faɗa wa wani a ofishin cewa kawuna ne, kuma na faɗa ne don na ga wanda ke gabana ya fi ni shiga uku.

Manajan ya hau babur ya tafi Dodoru. Ni kuma na kira kawu a waya na ce kada ya kuskura ya zo. Na ce su da suka iya dariya su zo su kwashe da kwalinsu. Bakina ya buɗe sosai a waya, ni da na kasa kalma biyar a inda take da amfani. Ya bar ni na gama.

"Inna," ya ce, "albasar mutane ta. Ba ta ciyaman ba ta."

Washegari ya iso a bayan babur ɗin manaja. Ya sa aka buɗe ƙofofi duka, aka fito da buhuna aka zazzage a inuwa. Aka ajiye masa kujera, tunda ba ya iya tsuguno, ana turo masa albasa a faifai yana dannawa yana jefawa dama ko hagu, ko dubawa ba ya yi sosai. Ya aika aka saro gwafanni, aka sayo kara da zana. A bayan siton nan mai fenti, wanda aka kira manyan baƙi aka yanka masa ƙyalle, aka kafa rudu shida irin na kakanninmu. Abin da ya ruɓe ya riga ya ruɓe, an haƙa rami an binne. Abin da ya rage ya hau rudu ya zauna lafiya har ruwa ya sauka. Sati uku kawu yana zuwa, ba takarda, ba muƙami. Manajan na biye da shi da ɗan littafi, yana tambaya yana rubutawa, yana ce masa baba.

Rahoton ƙarshen shekara ni na buga shi. A ciki babu wari, babu rami. Akwai dai wata sabuwar dabarar ajiya mai sauƙi da shirin ya ɓullo da ita bayan nazari, an ma raɗa mata suna da Turanci mai kalma huɗu. Don in yi wa manaja adalci, a rubutunsa na hannu ya ambaci kawu har sau biyu. Ciyaman ya ja jan biro a kai ya rubuta mutanen yankin a gurbin sunansa. Baƙi suka zo da manyan motoci suka wuce siton ko leƙawa ba su yi ba, suka tsaya a gaban kara da zana suna ɗaukar hoto. Da kunnena na ji ciyaman yana koya wa wata baƙuwa yadda ake faɗin kalmar, yana jan kunnenta cewa rudu ake cewa, kada ta ce ruɗu, ma'anar daban ce. Ɗan Ceberu yana gefe yana ba da labarin yadda ya taso a ƙarƙashin irinsa. Ashe yana tune.

Da aka ga abin ya karɓu, aka ce za a ɗauki mataimakin manaja. A lokacin maƙwabcin kawu ya riga ya mayar masa da lambu, amma gwiwa ba ta dawo ba, kuma gida cike yake da baki. Wannan karon na yi magana. Na miƙe a gaban kwamiti na ce mutumin da suka yi wa dariya bara kawuna ne, shi ya kafa abin da suke kai baƙi gani, kuma ni na buga takardarsa, babu kuskure a cikinta. Ban zauna ba sai da na kai ƙarshe. Ciyaman ya saurare ni da fuskar tausayi, irin wadda ake yi wa mai ciwon haƙori.

"Hajiya, ba wanda ya ƙi baba," ya ce. "Duk mun san ƙoƙarinsa. Amma tsari tsari ne. Idan masu bincike suka buɗe fayil, me za su gani? Ki kawo mana takarda, ko wace iri ce, mai hatimi."

Manaja ne ya samo hanya, kuma na san da kyakkyawar niyya ya yi. Shirin zai yi taron bita na kwana uku ga manoma a kan sabuwar dabarar ajiya, Litinin zuwa Laraba, kuma duk wanda ya zauna har ƙarshe za a ba shi takardar shaida. Ya sa sunan kawu a farkon jeri. Na yi kwana biyu ina neman bakin da zan gaya masa. Da na faɗa, tambaya ɗaya ya yi, ko akwai kujeru a wurin ko a tabarma za a zauna.

Ni ke raba biro da ruwan leda a taron, don haka na ga komai. Kawu yana layin gaba, an maƙala masa kati a ƙirji, an ba shi littafi da biro ya riƙe su a cinya kamar an ba shi ajiyar jariri. Manaja ne malami. Ya kunna majigi, sai ga rudun bayan sito a jikin bango, sai ga hannu biyu suna danna wuyan albasa. Mai hoton ya yanke kan, amma duk manomin da ke ɗakin ya san zoben azurfan nan da karyayyen farcen. Aka fara waige-waige. Manaja yana bayani gumi na bin wuyansa, yana faɗin maganganun kawu ɗaya bayan ɗaya da Hausar makaranta, bai yarda ya dubi layin gaba ba. A rana ta biyu ya yi kuskure a tazarar gwafanni. Na ga leɓen kawu ya motsa, sannan ya kama bakinsa. Sai da aka fita sallar azahar ya ja shi gefe ya gaya masa a kunne.

Ranar Laraba ciyaman da kansa ya miƙa takardun. Ya riƙe hannun kawu ya juya shi wajen mai hoto, ya ce masa ilimi ba ya tsufa, ya taya shi murna. Aka tafa.

Na sa takardar a fayil, kwamiti ya zauna, cikin minti biyar aka amince. Jami'in ma'aikata har yana cewa ai ga shi yanzu komai ya zauna daidai. Ban jira Asabar ba. Ana tashi daga aiki na shiga mota na kai masa takardar kama aiki, tare da ta bitar da na cire masa a fayil bayan na yi kwafi. Na same shi a zaure, ya miƙe ƙafafu ana shafa masa man zafi. Ya sallami mai shafawar. Na gaya masa an ɗauke shi, zai fara farkon wata, a ƙarƙashin manaja. Ya yi hamdala sau uku, kuma har zuciyarsa ya yi ta, don yana buƙatar aikin nan. Sannan ya ɗauki ta bitar, mai zanen zinariya a gefe, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya miƙo mini.

"Karanta min, Inna. Mi anka rubuta?"

"Sun ce ka iya ajiyar albasa, kawu."

Ya kalli hatimin.

"Tun yaushe?"

Na duba ƙasan takardar, inda aka buga kwanan wata, duk da na san abin da ke wurin, tunda ni na buga shi.

"Tun ran Larba," na ce.